Buroshin da Na Dafa

Shekara goma sha ɗaya muna wanke kafet ni da Yaya, ban taɓa cire buroshin injin da hannuna ba. Ni ce mai turi. Ita ce mai magana da mutane, mai haɗa sabulu, kuma ita ke cire buroshi ta wanke idan mun dawo gida. Ba wanda ya zauna ya raba mana aikin. Ni ina da ƙarfi, ita tana da baki da haƙuri, shi ke nan.

Injin ba wani babba ba ne. A ƙarƙashinsa akwai buroshi biyu farare, kowanne kamar bututu mai kauri, tsawon kamu ɗaya, an dasa masa tsinkayen roba layi-layi. Ɗaya yana juyawa gaba, ɗaya baya, su tono datti daga cikin kafet su watsa shi a wani faranti. Idan suna da lafiya injin kamar da kansa yake tafiya, ke dai ki riƙe shi kada ya gudu.

Ranar da ciwo ya kama Yaya daga otal muka dawo. A bakin ƙofa ta zauna ta ce kanta yana sarawa, kuma ba ta jin hannunta na dama. Na tura injin cikin sito yadda yake, a jiƙe, na ja ƙofa na ruga kiran mijinta. Kwana tara ta yi a asibiti. Ba ta sake magana ba.

Bayan rasuwarta zama ya gagare ni. Masu gaisuwa na zaune ni ina wanke kofin da aka riga aka wanke. In linke kayanta, in warware, in sake linkewa. In fita zan sayi ashana in kai ƙarshen titi in dawo hannu wofi. Babu inda tsintsiyata ba ta shiga ba a gidan nan, sai sito. Shi kam ko ƙofarsa ba na kallo.

Ƙananan gidajen da muke wa aiki duk suka watse, don lambar Yaya suka sani ba tawa ba. Otal ne kaɗai ya rage. Shi ne aikin da ke riƙe da mu, kuma Yaya ta fi wata shida tana sintiri kafin a ba mu shi. Wata Litinin da hantsi shugabar masu gyaran ɗakuna ta kira ni. Madam muke ce mata. Ita kuma Auta take kirana, yadda ta ji Yaya na yi.

"Auta, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Madam."

"Sati shida na yi shiru saboda marigayiya. Amma korido ya koma kamar hanyar kasuwa. Manaja ya ajiye min takardar wani kamfanin wanke kafet a tebur, kullum sai ya leƙo ya tambaya. Alhamis za ki iya, ko in kira su?"

"Zan iya."

"Ke kaɗai?"

"Zan iya, Madam."

Ina ajiye waya na nufi sito kafin zuciyata ta canza. Wari ne ya fara tarbata, irin na tsumman da aka manta a bokiti. Katako biyun da Yaya ke ɗora injin a kai don kada tsinkaye su taɓa ƙasa suna nan jingine da bango. Sati shida injin yana zaune da duk nauyinsa a kan buroshinsa. Na kwantar da shi na duba. Tsinkayen sun kwanta gefe guda kamar sumar wanda ya tashi daga barci. Gashin mutane da zare sun naɗe su tam, funfuna ta yi kore a tsakani.

Na jona wuta na gwada a guntun kafet ɗin da muke gwaji da shi. Gwaf, gwaf, gwaf. Injin yana tsalle a hannuna, yana barin layi, nan fes, nan datti. Na kashe.

Cire buroshin kaɗai ya ci min awa guda. Na ja, na murɗa, har na ɗauko guduma na ajiye. Ashe wani ɗan maɓalli ne a gefe, ina dannawa ƙarfen tsakiya ya zaro da kansa. Kayan aikin Yaya na cikin wani gwangwani: almakashi, reza, tsohon mataji mai manyan haƙora. Na zauna ina yanke gashi ina zarewa. Na tara wanda ya cika tafin hannu biyu, na yanke babban yatsana, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Datti ya fita. Tsinkaye dai suna kwance.

Sai na tsaya ina tuna yadda take yi. Idan mun dawo ni ɗaki nake shiga in miƙe bayana a kan tabarma, ƙofa a buɗe. Daga nan nake hango ta a dakalin baya, a kan 'yar kujera, buroshi a cinyarta, baho a gabanta. Kuma kullum butar lantarki na gefenta tana huci. Kullum. Ko rana ɗaya ban tuna ta wanke buroshi babu butar nan ba.

Na ce ashe ruwan zafi ne sirrin.

Bahon ƙarfenmu buroshi ɗaya kawai yake ci, sai na fara da na gaba. Na tafasa buta na juye, na sake tafasawa na juye. Tsinkayen suka fara ɗagowa ina kallo. Rabon da in ji daɗin wani abu tun kafin asibiti. Na ce idan kaɗan ya yi haka, da yawa zai fi. Na ɗauki bahon na ɗora a kan wuta, na rufe da faranti. Da yake ba na iya tsayawa wuri ɗaya, sai na tafi shanya. Daga shanya na goge taga. Daga taga ban san me ya kai ni jera takalma ba.

Da na dawo na tsamo shi da cokali biyu, bakin tsinkayen duk ya nannaɗe, bututun kuma ya lanƙwashe kamar ayaba. Na jira ya huce na zura ƙarfen tsakiya. Ya shiga rabi ya tsaya.

Ina tsugune a wurin sai mijin Yaya ya shigo. Motar ɗaukar kaya yake ja, kowa Direba ke ce masa, har ita. Da can ba ma haɗuwa bai tsokane ni ba, amma tun rasuwar daga gaisuwa sai gaisuwa.

"Me ake dafawa gidan nan ke warin roba?"

"Buroshi."

Ya matso ya ɗauka ya juya shi a hannu. "Da gaske dafa shi kika yi?"

"Yaya ma da ruwan zafi take yi. Kullum buta na gefenta."

Ya ajiye buroshin.

"Auta, shayi take sha."

"Wane shayi?"

"Shayi dai. Kofin na ƙarƙashin kujera, don kada kumfa ta faɗa ciki. Buroshi ruwan famfo take sa masa. Sai dai ta ɗiga na buta kaɗan, saboda yatsunta ba sa son sanyi."

Dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya dafa bango, yana cewa da tana nan yau da unguwa ta ji labari. Daga nan ya zauna a dakalin, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Ni ban yi dariya ba, ban kuma yi kuka ba. Ina ta kallon 'yar kujerar. Daga inda nake kwanciya ba a ganin ƙarƙashinta. Taku shida ne tsakani, kuma a shekara goma sha ɗaya ban taɓa tasowa na zauna kusa da ita ba.

Talata da safe na sa buroshin biyu a jaka na tafi wurin mai gyara. Shagonsa na bayan tashar mota, cike da fanka da dutsen guga da injin wanki marasa ƙofa. Dattijo ne, ya ɗaure tabarau da waya, Injiniya ake ce masa. Yaya ce ke kai masa injin, ni sau ɗaya na taɓa raka ta.

Ya ɗora dafaffen a kan tebur ya gangara shi. Ya tafi yana ɗingishi.

"Hajiya, da gishiri kika dafa shi ko lami?"

"A duba min dai, Injiniya."

"Na duba. Wannan ya tafi inda ba a dawowa." Ya leƙa bayana. "Ina mai surutun? Ita da ke min faɗa idan na taɓa mata buroshi da hannun baƙin mai."

"Ta rasu."

Ya cire tabarau. Ya yi mata addu'a, ya ce in yafe masa bakinsa. Ya janyo min kujera, na ce a'a, tsayuwa ta fi min. A tsayen na ba shi labarin butar.

Ya ce sabo sai an yi oda, sati uku idan an yi sa'a. Na ce jibi nake da aiki, kuma idan jibi ta wuce ni ba sauran aiki. Ya shiga ciki ya yi ta ture kwalaye, ya fito da wani buroshi baƙi, tsawonsu ɗaya da na injina. Na shafa shi. Tsinkayen kamar ƙaya.

"Wannan na tayil ne da kafet mai taurin kai," in ji shi. "Na korido zai jure. Amma ki ji ni da kyau. Kada ki kusanci ulu da shi. Tsefe shi zai yi kamar kan da za a yi wa kitso, kuma ba ya komawa."

"Na ji."

"Kin ji, ko kin ji irin na buta?"

Ya ɗauki ɗayan, wanda ban dafa ba, ya nuna min. Ruwa mai ɗumi, wanda gwiwar hannu za ta iya zama a ciki. A jiƙa tsinkayen kawai, kada ruwa ya shiga bakin bututun inda ƙarfe ke zama. A taje da mataji daga gindi zuwa sama, a tsayar da shi a tsaye a inuwa.

"Sannan ki rabu da shi. Nan ne na ga za ki sha wuya. Ki taje sau ɗaya ki tafi ki nemi abin yi."

Ban rabu da shi ba. Laraba duk a kansa na wuni. In taje, in tsayar, in zagaya gida, in dawo in taɓa in ji ko ya bushe. Direba ya ce idan na sake taɓa shi zai kulle shi a mota ya tafi da makulli. Da la'asar na ɗaura su, fari a gaba, baƙi a baya, na gwada. Tsallen ya tafi. Saura ɗan ɗingishi da hannu ke ji, ido ba ya gani.

Alhamis Direba ya sauke ni a ƙofar baya ta otal, inda ake shigar da kaya. Ya kama min injin har cikin lif ɗin ma'aikata.

"Ki yi a hankali, mai girki," ya ce, ƙofa ta rufe.

Na fara da hawa na ɗaya. Korido dogo ne, ƙofa ashirin da biyu, kafet ruwan toka mai gajeren gashi, tsakiyarsa ta yi baƙi saboda sawu da tayar akwati. Na fesa sabulu na kunna. Baƙin buroshin ya fi farin cizo, sai injin ya riƙa fizgata, dole na riƙe shi da ƙarfin kafaɗa. Amma datti yana fita. Sau biyu waya ta harɗe da keken zannuwan gado, na juya zan ce Yaya ja min waya. Na koma na warware da kaina.

Ina tsakiyar hawa na biyu Madam ta zo. Gajeriya ce, makullai a ƙugu, tafiyarta kamar ana binta. Ta murza kafet da bakin takalmi, ta sunkuya ta shinshina.

"Ba laifi."

"Na gode, Madam."

"Bar wannan tukuna. Babban ɗakin ƙarshen hawa na uku, baƙo ya zubar da gahawa, ya bi ta kai da takalmi. Gobe wani zai shiga, kuma Manaja da kansa zai duba. Ke kin san ɗakin, ke da yayarki kuke yin sa."

Na san ɗakin. Shi da sauran manyan ɗakuna su ne tsokar aikin, korido ƙashi ne. Kuma kafet ɗinsu ulu ne.

Bakina ya buɗe zan faɗa. Sai na tuna takardar da ke kan teburinta. Na ce, "To, Madam."

Ta buɗe min ta tafi. Na cire takalmi na shiga. Kafet ruwan madara, ƙafa na nutsewa a ciki. Tabon na gaban gado, ya kai faɗin faranti, ga sawu uku zuwa banɗaki. Na zagaya ɗakin ban san sau nawa ba. Na je taga na dawo. Na ce in cire baƙin in yi da fari kaɗai, na gwada a korido, injin ya karkace ya ƙi tafiya. Na ce in yi da hannu, amma idan tabon ya fita wurin zai yi haske, sauran ɗakin ya nuna dattinsa, dole sai an bi duka. Na mayar da baƙin. Na ce wataƙila Injiniya ya cika tsoro. Idan na bi da sauri, ban danna ba, wa zai sani?

Na ja injin bayan ƙofa, can lungu. Na kunna, na ƙirga uku, na kashe.

Wurin bai fi tafin hannu ba. Ulun ya tashi buzu-buzu, ya yi fari, zare na tsaye. Na shafa shi ya kwanta, na ɗaga hannu ya sake tashi. Na jiƙa yatsa na danna. Haka dai.

Akwai kwandon shara a kusa. Idan na matsar da shi taku ɗaya zai rufe wurin, sai wata da watanni kafin a gani, kuma ba mai cewa ni ce. Har na ɗauke shi. Na tsaya da shi a hannu. Ko na ɓoye wannan, tabon gaban gado na nan yana jirana, kuma ba ni da abin da zan wanke shi da shi. Na mayar da kwandon inda yake na sauka neman Madam.

Ta tsuguna ta daɗe tana taɓa wurin. Na faɗa mata duka, tun daga sito har baho.

"Dafawa fa kika ce?"

"E, Madam."

"A kan wuta?"

"E."

Ba ta yi dariya ba. "Da bakinki ya riga injinki buɗewa, Auta, da ba ni da ɓarnar da zan nuna wa Manaja. Me ya hana ki faɗa a ƙasa?"

"Tsoro."

"To ga abin da tsoro ya saya miki."

A gabana ta kira kamfanin. Ta fita korido tana magana ƙasa-ƙasa, ta daɗe, na ji ta kira Manaja ma. Ni ina tsaye ina naɗe waya ina warwarewa. Da ta dawo ba ta kalle ni sosai ba.

"Ɗakuna sun tafi, duka. Sun so haɗawa da korido, na ce ina da mai yi. Kada ki gode min. Ranar da na sake jin labari bayan an yi ɓarna, shi ma ya tafi."

"Na ji, Madam."

"Je ki gama. Hawa na biyu kin bar shi rabi."

Wata bakwai ke nan. Korido har yau ni ke yi. Ɗakunan ba su dawo ba, ban kuma sa ran za su dawo ba.

Ranar dai ina hawa na uku da yamma mutanen kamfanin suka fito daga lif, su biyu, riga iri ɗaya, da inji ya kusa ninka nawa uku. Na riga na wanke rabin koridon, yana jiƙe, ɗakin kuma sai an bi ta kansa.

"Mama, a ba mu hanya."

"Bai bushe ba."

"Mu ma aiki muka zo."

"Na sani. Ku tsaya."

Na je keken masu gyaran ɗaki na roƙi tsofaffin zannuwa huɗu. Na shimfiɗa biyu suka turo injinsu a kai, na kwaso na baya na kai gaba, haka har ƙofar ɗakin. Babban cikinsu ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin injina a hanya.

"Fari da baƙi? Wa ya ɗaura wannan aure?"

"Ni ce waliyyiya. Ɗaga ƙafarka daga kafet ɗina."

Suka shiga suka rufe ƙofa. Jim kaɗan na ji injinsu ya tashi, murya ɗaya sumul, babu gargada. Na kwashe zannuwan. Duk da haka tayarsu ta bar layi biyu tun daga lif. Na ja injina baya, na sake fesa sabulu, na fara daga farko.